Saurin hannu ko wasa ƙwaƙwalwa: wane ƙaramin wasa ya cancanci mintunanka?

Duk wanda ya taɓa buɗe rumbun manhajoji yana neman ɗan wasan da zai riƙa ɗebe masa kewa ya san ruwan ido. Dubban wasanni ne, kowanne da hoto mai ɗaukar hankali, kowanne an rubuta kyauta a ƙasansa. In ka tace su da kyau za ka tarar yawancinsu daga gida biyu suka fito. Akwai na saurin hannu, inda ake gudu da tsalle da kauce wa haɗari, akwai kuma na wasa ƙwaƙwalwa, inda ake jera abu, a haɗa lamba, a kwance ƙulli. Na daɗe ina buga kowane ɓangare, a waya da kuma a burauzar kwamfuta, kuma na lura tambayar da aka fi yi, wato wanne ya fi ƙara basira, ba ta cika taimakon mai zaɓe ba. Wadda ta fi amfani ita ce: agogo a hannun wa yake? Akwai wasan da kai kake cewa yanzu zan motsa, yanzu zan ajiye. Akwai wanda shi yake ja, kai kana bi. Daga nan kusan duk sauran bambancin yake tasowa.

Mu fara da na saurin hannu, don su ne suka fi saurin kama mutum. Ɗauki Subway Surfers, wanda kamfanonin Kiloo da SYBO na ƙasar Denmak suka fitar a 2012, kuma shi ne wasan farko da aka sauke sau biliyan ɗaya a Google Play, a 2018. Dokarsa ba ta fi a faɗa da numfashi ɗaya ba: yaro yana gudu a kan layin dogo, mai gadi da karensa na biye da shi, hanyoyi uku ne a gabanka, ka shafa yatsa hagu ko dama ka sauya hanya, sama ka yi tsalle, ƙasa ka mirgina. A minti na farko har kana da sararin kallon tsabar kuɗin da ke jere a hanya ka zaɓi wadda za ka bi. Can gaba gudun ya ƙaru, jiragen suna tahowa gaba da gaba, sai ka ga yatsanka ya riga tunaninka yanke shawara. Ba ka ce bari in koma dama ba, ka dai tsinci kanka a daman. Wannan yanayi, inda ido da yatsa suke magana kai tsaye ba tare da sun jira ka ba, shi ne ainihin abin da irin waɗannan wasanni suke bayarwa, kuma abu ne mai daɗi ƙwarai.

Dabarar ƙara gudu a hankali tsohuwa ce. A Space Invaders, da Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito na Japan a 1978, dodannin da ke saukowa suna ƙara sauri duk lokacin da ka rage yawansu. Asalin abin daga raunin na'urar ya fito: in dodannin sun ragu, aikin zana su ya yi mata sauƙi, sai ta yi sauri. Nishikado ya ga hakan yana ƙara wa wasan armashi, ya bar shi yadda yake. Tun daga nan har zuwa Temple Run na 2011, da ɗan dodon nan mai tsallake ƙayoyi da ke fitowa a Chrome in intanet ta yanke, wanda aka saka a 2014, tsarin bai canza ba. Iyawarka ita ke jawo maka wahala, kuma ƙarshen kowane zagaye faɗuwa ce. Ba a cinye wasan gudu marar iyaka. Sai dai a wuce makin jiya.

Amfanin wannan a bayyane yake ga wanda kansa ya cika. In ka tashi daga aikin da ya tsotse maka tunani, ko wata damuwa tana ta kai-komo a ranka, wasan da ke neman dukkan hankalinka na minti uku yakan share allon tas. Babu wurin da damuwa za ta raɓa, domin sakan ɗaya na shagala ya isa ka yi karo. Ni a irin wannan lokaci ba na iya zama da lambobi, gudun nake so.

To amma abin da ya sa ya yi amfani shi ne kuma aibinsa. Wasan saurin hannu ba ya yarda a raba hankali da shi. In ana iya kiran sunanka kowane lokaci, ko kana tsaron yaro, ko wani yana yi maka magana, ko dai ka faɗi a wasan ko ka ƙi kula mutumin, kuma na biyun ya fi faruwa. Sannan tunda kowane zagaye da faɗuwa yake ƙarewa, kullum da ɗan haushi kake tsayawa, maɓallin sake farawa kuma yana nan daidai inda babban yatsanka yake. Babu inda wannan ya fito fili kamar Flappy Bird. Dong Nguyen, ɗan ƙasar Biyetnam, ya fitar da shi a 2013: ɗan tsuntsu, ka taɓa allo ya ɗaga, ka saki ya sauko, ka ratsa tsakanin korayen bututu, kowane bututu maki ɗaya. Sabon shiga yakan mutu kafin ya kai maki uku, zagayen bai kai sakan goma ba, sai ya sake. A farkon 2014 wasan ya mamaye duniya, a watan Fabrairu na shekarar kuma mai shi ya cire shi daga kasuwa da kansa, ya ce ya zama abin da mutane ba sa iya ajiyewa. Mutumin da ya fi kowa cin moriyar abu in ya faɗi haka, ya kamata a saurare shi.

Akwai wani reshe na saurin hannu da ya cancanci a daɗe a kansa, wato waɗanda ake bugawa da mutane na gaske a fili ɗaya. Agar.io, na wani matashi ɗan Birazil mai suna Matheus Valadares, shi ya buɗe wannan ƙofa a 2015: kai ɗan ƙwallo ne, ka haɗiye wanda bai kai ka ba, ka guje wa wanda ya fi ka. Shekara ɗaya bayan nan Steve Howse ya kawo Slither.io, wanda ya ɗauki tsohon wasan macijin nan da Nokia ta fara sakawa a wayoyinta a 1997, ya zuba macizai masu yawa a fili guda. Dokar Slither ta fi ta Agar adalci a wurina. In kanka ya taɓa jikin wani, ka mutu, komai girmanka, jikinka ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo masu haske da kowa zai wawasa. Don haka ɗan tsurut yana iya kayar da ƙato in ya iya shan gabansa.

Ba na manta wani zagaye da na yi kusan minti ashirin ina lallaɓawa a gefen fili, ina tsintar abin da manya suka bari, har na yi tsawon da allo ba ya ɗauke ni duka. Na samu wani matsakaici na kewaye shi, na naɗe kamar gammo, ina ƙara matse da'irar a hankali, shi kuma yana ta juyi a ciki yana neman kafa. Saura ƙiris. Sai hoton ya ɗan tsaya, bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Da ya dawo, kaina ya riga ya shiga jikin wani da ya ratso daga sama, wanda ban ma gan shi ba, kuma wanda na tsare ɗin shi ya fara kwasar ganimata. Na ji zafin abin sosai, domin ba kuskurena ba ne.

Dalilin da ya sa haka ke faruwa ya kamata mai zaɓe ya sani. A wasan da kake yi da na'ura kaɗai, komai a cikin wayarka yake gudana. A wasan mutane da yawa kuwa, akwai wata babbar kwamfuta a nesa, watakila a wata nahiyar, ita ce alƙali. Duk juyin da ka yi sai ya je wurinta, ta haɗa da na kowa, ta dawo maka da sakamako. Mutum yakan ɗauki kusan rubu'in sakan kafin ya amsa abin da idonsa ya gani. In tafiya da dawowar saƙon ta ƙara maka wani rubu'in, ka zama mai dambe da hannu ɗaya a ɗaure. Ƙarfin saukar da bidiyo ba shi ne ma'auni a nan ba. Layin da ke saukar da fim da sauri yana iya yin tsaiko na ɗan lokaci, mai kallon fim ba zai lura ba don an riga an tara masa na gaba, mai wasa kuwa ya mutu. Saboda haka in netwok ɗinka mai rawa ne, ka bar wa masu tsayayyen layi wannan reshe. In kuwa layinka lafiya lau yake, a cikin ƙananan wasanni babu mai sa zuciya bugawa kamarsa, domin abokin karawarka yana da wayo, yana da tsoro, yana kuma da haɗama irin taka.

Ɗaya gidan kuma iskarsa daban. Sudoku ne misali mafi tsabta. Wani Ba'amurke mai suna Howard Garns ne ya tsara shi, aka fara buga shi a wata mujallar wasanni a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984 ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi, sannan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a Nuwamba 2004, daga nan ya bazu. Gidaje 81 ne, tara a tsaye tara a kwance, ka cika su da lambobi 1 zuwa 9 ba tare da wata ta maimaitu a layi ko a ƙaramin akwati ba. Mutane da yawa suna gudunsa don sun ga lambobi, alhali babu tarawa babu ɗebewa a ciki. Da za a sa launuka tara a madadin lambobin, wasan bai canza ba. Sudokun da aka tsara daidai amsa ɗaya tak gare shi, kuma a 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa suka tabbatar da cewa sai an ba da aƙalla lambobi 17 tun farko kafin amsar ta zama guda.

Abin da nake ƙauna a nan shi ne wasan yana jiranka. Ka ajiye shi a tsakiya, ka amsa kira, ka dawo bayan awa biyu, bakwai ɗin da kake nema wa gida tana nan inda ka bar ta. Sau da yawa ma dawowar ce ke buɗe maka ido: gidan da ka yi minti biyar kana harara, kallo ɗaya ka ga ashe lambobi biyu ne kaɗai za su iya zama a wasu gidaje biyu na layin, don haka na ukun ya fito da kansa, daga shi kuma sauran suka riƙa zubowa. Wannan daɗin ba ya zuwa da bugun zuciya, a hankali yake sauka, kuma yana daɗewa. Mafi muhimmanci, in ka cike gida na 81, an gama. Wasan da kansa ya sallame ka.

Wasan 2048 ya ɗan fi shi jan rai. Gabriele Cirulli, ɗan Italiya mai shekara 19 a lokacin, ya rubuta shi cikin hutun ƙarshen mako guda a Maris 2014, ya sa shi kyauta a intanet. Ya kamata a faɗa cewa tushen dabarar daga Threes yake, wanda masu shi suka shafe wata 14 suna gyarawa kafin su fitar da shi 'yan makonni kafin nan. Fili ne mai gida 16. Ka tura komai gefe guda, lambobi biyu iri ɗaya in sun haɗu su zama ninkinsu, bayan kowane motsi kuma sabuwar 2 ta faɗo, jefi-jefi 4. Sabon shiga yakan yi ta shafawa ko'ina har fili ya cushe a wajen 256 ko 512. Ranar da ka gane cewa babbar lambarka a lungu ɗaya za ta zauna, ta biyu a gefenta, ta uku a gefen ta biyu, kamar matakala, ranar wasan ya zama wani abu daban. In ka zaɓi lungun ƙasa, ka haramta wa kanka turawa sama. Sai kuma a wayi gari hagu ya ƙi, dama ta ƙi, ƙasa ta ƙi, saman kaɗai ya rage. Ka tura, 1024 ɗinka ta ɗaga, wata 'yar 2 ta faɗo daidai lungun da ta bari. Wanda ya taɓa ganin wannan ya san yadda ciki ke ɗurar ruwa. Amma ka duba bambancinsa da mutuwar macijina: a nan zan iya komawa baya da tunani in gano motsin da na bar layin ƙasa bai cika ba. Laifin nawa ne, don haka akwai abin koyo. Sai dai kai wa 2048 yana cin motsi kusan dubu, ke nan ba wasan minti biyu ba ne, ko da yake ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa.

Wanda ya fi kowa mutunta lokacin mai wasa shi ne Wordle, da Josh Wardle ya saki ga jama'a a Oktoba 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairu 2022. Kalma ɗaya mai harafi biyar, gwaji shida, sau ɗaya a rana. Ka ci ko ka faɗi, sai gobe. Sharaɗinsa dai sai kana da wadatar kalmomin Ingilishi. Minesweeper kuma, wasan da ake bin lambobi a gano gidajen da aka ɓoye nakiyoyi, wanda ya shiga gidaje ta Windows 3.1 a 1992, yana da kyau amma yana da tabo: a babban filinsa mai nakiya 99 kana iya yin komai daidai, a ƙarshe ka tarar da gidaje biyu da babu wata alamar da za ta raba su, dole ka yi caca.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke ruɗuwa. Wasannin jera abu uku iri ɗaya, da Bejeweled ya yi wa hanya a 2001, Candy Crush Saga na kamfanin King kuma ya kai su ƙololuwa daga 2012, ana lissafa su cikin na wasa ƙwaƙwalwa, kuma a ido haka suke: babu mai bin ka da gudu, kana iya tsayawa ka yi nazari. Amma agogon bai bar hannunsu ba, sauya masa wuri kawai aka yi. A Candy Crush rayuka biyar ake ba ka, kowace faɗuwa ta ci ɗaya, kowanne kuma sai bayan minti 30 yake dawowa. Kowane mataki yana da adadin motsin da aka ƙayyade, alewar da za ta faɗo daga sama kuma ba ka san ta ba, don haka rabi iyawa ce rabi sa'a. In motsinka ya ƙare saura kaɗan ka ci, nan take za a miƙo maka tayin ƙarin motsi da kuɗi. Matakan sun kai dubbai, ana kuma ƙara sababbi a kai a kai, ke nan babu ranar gamawa. Don ka san girman wannan kasuwa: a 2016 Activision Blizzard ya sayi King a kan dala biliyan 5.9, alhali wasan kyauta ake sauke shi.

Na taɓa maƙalewa kwana huɗu a mataki ɗaya na wani wasa irin wannan, kullum saura ɗaya ko biyu. Na lura na fara duba waya don in ga ko rai ya dawo, har ina tsara hutuna da agogonsa. A nan na gane ba ƙulli nake kwancewa ba, jiran sa'a nake yi, sai na goge shi. Ban ce kowa ya yi haka ba. Launukansu da sautinsu suna kwantar da hankali, matakan farko suna da daɗi da gaske, kuma akwai masu buga rayukansu biyar su ajiye ba tare da sun taɓa kashe ko sisi ba. In kana cikinsu, ƙarewar rayukan ma birki ne mai amfani. Amma in ka san kai mai zuciya ne, wanda saura kaɗan take hana shi sukuni, wannan reshe ya fi na gudu haɗari ga aljihunka. Ka kuma yi hattara da tallan da ke nuna wani ƙulli mai ban sha'awa, kamar zare sanduna don ceton wani daga ambaliya. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wasu tallan Homescapes da Gardenscapes, saboda abin da suke nunawa ɗan ƙaramin yanki ne na wasan, yawancinsa jera uku ne.

Tetris shi ya tsaya da ƙafa ɗaya a kowane gida. Alexey Pajitnov ya ƙirƙire shi a Mosko a 1984. Siffofi bakwai ne, kowace da tubali huɗu, suna faɗowa, kai kuma kana juya su kana cike layi. Tunanin na mai wasa ƙwaƙwalwa ne, domin dole ka san inda za ka bar wa doguwar sandar nan rami, amma gudun na saurin hannu ne, yana ƙaruwa har ya fi ƙarfinka. Shekara da shekaru ana ganin ba mai iya kai tsohon samfurinsa na Nintendo ƙarshe, sai a Disamba 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka ya kai mataki na 157, wasan ya daskare. In ka kasa zaɓa tsakanin gidajen biyu, fara da shi, ka lura da kanka. In farkon zagaye ya fi maka daɗi, lokacin da kake gini a natse, kai na ƙwaƙwalwa ne. In sai tubala sun kusa taɓa sama kake jin ka farka, kai na saurin hannu ne. Sai dai kada ka kai shi gado. A 2000 Robert Stickgold na jami'ar Harvard ya nuna cewa waɗanda suka daɗe suna buga shi suna ganin tubalan na faɗowa yayin da barci ke ɗaukarsu, har da masu cutar mantuwa da ba su ma tuna sun buga ba.

Batun ƙara basira kuwa, ga abin da bincike ya nuna. A 2010 Adrian Owen da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 11,430 na tsawon mako shida da wasannin horar da ƙwaƙwalwa. Sun ƙware a wasannin da suka buga, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2016 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar horar da ƙwaƙwalwa, ya biya dala miliyan 2 kan alƙawuran da ba shi da hujjarsu. A ɗaya ɓangaren, Shawn Green da Daphne Bavelier na jami'ar Rochester sun nuna a 2003 cewa wasannin harbi masu sauri suna inganta yadda ido ke lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Abin lura, manyan wasannin yaƙi suka gwada, ba na shafa yatsa a hanyoyi uku ba, kuma Tetris ne aka ba rukunin da aka kwatanta da su. Don haka mai Sudoku zai ƙware a Sudoku, mai gudu zai ƙware a gudu. Kada ka zaɓi wanda ba ka so don an ce magani ne.

Ta fuskar waya, lissafin a sauƙaƙe yake. Wasan gudu mai zane mai zurfi yana sa na'ura ta sake zana allo sau da yawa a kowane sakan, sai waya ta yi zafi, caji ya zube, tsohuwar waya kuma ta riƙa sarƙewa a daidai inda ba a so. Sudoku da 2048 kusan hasken allo kawai suke ci. Data kuma, sau da yawa tallan bidiyon da ke shiga tsakanin zagaye ya fi wasan kansa cinye ta, kuma a nan gajeren zagaye ya zama asara: in kana mutuwa duk bayan sakan 40 ana sa maka tallan sakan 30, kusan rabin zamanka kallon talla ne. Yawancin wasannin mutum ɗaya suna aiki ko an kashe data, tallan kuma ba ya zuwa. Amma tunda da tallan masu wasan suke ci, in ka samu wanda kake so da gaske kuma yana da zaɓin biya sau ɗaya a cire talla, wannan ita ce ciniki mafi tsabta a duk harkar, ta fi sayen rai da ƙarin motsi nesa ba kusa ba. Kafin ka sauke komai, gwada shi a burauza in akwai. Tun da Adobe ya rufe Flash a ƙarshen 2020, wanda dubban ƙananan wasannin shafukan intanet suka dogara da shi, sababbin sun koma wata fasahar da ake kira HTML5, suna buɗewa a waya ba tare da an girka komai ba. Wasan burauza ba ya cin wuri, ba ya kuma aiko maka da saƙon ka dawo.

Da wani zai ce in zaɓar masa guda ɗaya, Sudoku ko 2048 zan ce, domin yawancin lokutan da muke ciro waya don wasa lokuta ne na jira, waɗanda ake iya katsewa ba sanarwa, kuma wasan da ke haƙuri da katsewa shi ya dace da su. Na gudu ya zama na biyu, wanda ake buɗewa in kai ya yi nauyi, a kuma yanke adadin zagaye tun kafin a fara, uku ko biyar, don in ka bari sai ka ci za ka tashi, babu ci a cikinsa. Na mutane da yawa sai a zaune, da layi mai kyau da rabin awa da ba ta da mai ita. Da dare, na ƙwaƙwalwa mai ƙarewa ya fi, don ba ya barin jiki a tsaye.

In yaro za ka saukar wa, abu biyu ne gaba da nau'in wasan: ka kulle sayayya da kalmar sirri a saitin rumbun manhajoji, sannan ka duba ko wasan yana da wurin hira da baƙi, ko sunayen da 'yan wasa ke raɗa wa kansu suna fitowa a allo, domin a wasannin fili ɗaya ba kowane suna ne ya dace da idon yaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya matsalar kamuwa da wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, kuma ma'aunin da ta kafa ba yawan awanni ba ne. Abin da take dubawa shi ne mutum ya kasa riƙe linzamin wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. 'Yan kaɗan ne cikin masu wasa suke kai wa nan.

Duk wanda ka sauke, ka ba shi mako guda, ka kuma kashe masa izinin aiko da sanarwa tun ranar farko. In mako ya cika ka tarar kai kake tuna shi ka buɗe, ka kuma iya rufe shi a tsakiyar zagaye in an kira ka, bar shi a wayar. In ka ga kana leƙa shi don kada kyautar yau ta wuce ka, ko don jerin kwanakinka kada ya tsinke, danna hotonsa ka riƙe, ka goge, ka gwada na ɗaya gidan.